Yadda Na Koya wa Inji Suyar Gyaɗa

Wahala dai na sha ta a wancan makon, kuma ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ba wahalar ɗaukar buhu ba, wannan na saba. Wahalar riƙe magana a ciki ce.

Shekara goma sha takwas na yi ina suyar gyaɗa a wani kamfanin matsar mai da ke kan hanyar Karaye zuwa Rogo. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma gyaɗa na san ta. Da itace muke suya a lokacin, cikin wata ƙatuwar ganga da ake juyawa. In na ji ƙamshi ya sauya na ce a janye wuta, sai a janye. Har yau in na wuce inda mata ke suya, sai in tsaya in shaƙi ƙamshin.

Sai Alhaji mai kamfanin ya sayo sabon injin suya, mai akwatin ƙarfe da ɗan allo a jiki. Ya ɗauko wani injiniya daga Kano ya rubuta masa manhaja, wato umarnin da injin zai riƙa bi: ya auna damshin gyaɗa, ya san zafin da zai ba ta da mintin da za ta yi. A gabana Alhaji ya ce, "In wannan ya zauna, ba sauran mai tsayuwa a bakin wuta." Bai dube ni ba. Ni kuwa 'ya'yana bakwai.

Injiniyan mai ladabi ne, Baba yake ce mini. Ya zauna kan benci da kwamfuta a cinya, waya ta haɗa ta da akwatin, yana ta danne-danne. Ranar farko suya ta yi kyau. Rana ta biyu buhu shida suka fito baƙi ƙirin. Ya bi rubutunsa layi-layi, ya canja ma'aunin damshi, ya sake gwadawa. Wata ta yi kyau, wata ta ƙone. Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a, ko ya tattara kayansa.

Ni na san dalili tun buhun farko. Wasu manoman wajen Yammedi kan yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin su ɓare ta, don kada ƙwayar ta farfashe. Ba ha'inci ba ne, haka suka taso suka gani. Sai bayanta ya yi laima, cikinta kuwa a bushe ƙarau. Ma'auni ya taɓa baya ya ce jiƙaƙƙiya ce, manhaja ta ƙara mata wuta, ta ƙone. Haƙori ne kawai ke gane wannan. Na yi gum. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi nake ji.

Ranar Laraba bayan azahar na same shi a bayan sito, ya tsuguna gaban ƙonanniyar gyaɗa yana taunawa, yana yamutsa fuska.

Na ce, "Injiniya, yunwa ce?"

"A'a Baba. Na ga kullum kana taunawa kafin a zuba. Na ce ko ni ma zan ji abin da kake ji."

"To me ka ji?"

"Gawayi."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Na san abin da zai same ka in aikin nan ya yi. Shi ya sa ban tambaye ka ba."

Wannan maganar ce ta karya ni. Da wayo ya yi mini, wallahi da na bar shi ya tattara. Na ɗebo gyaɗa daga buhu biyu na ce, "Bar ƙonanniya. Ciji wannan. To, ciji wannan kuma."

Yini biyu muka yi, ina ciza ina faɗa, yana rubutawa.

"Baba, kaɗan ɗin nan da kake cewa a rage, minti nawa ne?"

"Kaɗan dai."

"Inji bai san kaɗan ba."

"To ka ce masa ya zo ya yi shekara goma sha takwas."

Ya ajiye agogo a gabana, in na ce yanzu, ya rubuta lamba. A ƙarshe ya ƙara wurin dannawa biyu a allon, ɗaya na wadda aka yayyafa wa ruwa, ɗaya na wadda ba a yayyafa ba. Ban taɓa zaman da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Mutum da digirinsa yana rubuta maganata kamar karatu.

Ranar Juma'a suya ta fito jawur, iri ɗaya. Alhaji kuwa ya cika maganarsa, ya ce ni da bakin wuta shi ke nan. Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, injin nan ba shi da haƙori. In ba mai tantance buhu a ƙofa, gobe ma za ta ƙone." Alhaji ya dubi buhunan, sannan ya ce a gwada ni.

Har yanzu duk kaka Injiniya yakan dawo ya gyara manhajar, don gyaɗar bana ba ta bara ba ce, kuma ni yake fara nema. Wutar dai ta tafi, kuma ina kewarta. Amma na gane cewa abin da na sani, da na ci gaba da ɓoye shi, ba zai tsare mini aiki ba, gyaɗar mutane kawai zai yi ta ƙonawa.

Washegarin waccan Juma'ar na wuce ta gaban injin ban tsaya ba. Na ɗauki alli na tsaya a ƙofa. Motar farko ta iso daga garin Turawa, na soka hannu a buhu, na ciji ƙwaya ɗaya, na yi masa alama.