Dattijo Mai Kankare Takarda a Kasuwar Erie

A bakin kasuwar Asabar ta garin Erie, saura kwana uku a zaɓi shugaban ƙasa, wani dattijo yana durƙushe a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa. Rigar sanyinsa tana ɗauke da tambarin masana'antar ƙarfen da aka rufe tun ina makaranta. Yatsu huɗu ne a hannunsa na dama. Da mabuɗin mota yake kankare takardar ɗan takara da ke manne a ƙofar baya, a hankali don kada fenti ya tashi. A ƙarƙashinta ana ganin ragowar ta ɗaya jam'iyyar, duk ta koɗe.

Mai sayar da tuffa a gefensa ta leƙo. "Kai Lyle, ka sake sauya sheƙa? Irinku ne suka sa 'yan jarida suka hana mu sakat a jihar nan."

Bai ɗago ba. "Darlene, waɗancan na zaɓa aka rufe masana'anta. Na koma wajen waɗannan, aka rufe asibitin unguwarmu."

Ina jin wurin mahaifinsa ya gaji jam'iyyar farko, kamar yadda ya gaji sana'ar.

"To wa za ka ba ran Talata?" in ji Darlene.

Ya dafa gwiwa yana nishi. "Oho. Shekara huɗu ke nan 'yata ba ta ɗaukar wayata saboda takardar nan. Matata ta ce jibi 'yar tamu za ta zo gari da jikana. Ni dai ta yarda ta shiga motar."

Darlene ta miƙa masa wuƙarta ya ƙarasa kankarewa.