Kwanukan da Suka Tsallaka Rafi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Alhamis al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin na ɗaga kai na dubi agogon bangon Baba daidai sa'ad da 'yan matan gidanmu suka fice da kwanuka a ka.

Ina da shekara goma sha huɗu, na dawo hutu daga makarantar kwana a Kano. A shekarar Baba ya tsaya takarar kujerar garinmu a majalisar gundumar Kiru. Rafi ne ya raba garin biyu, siyasa kuma ta bi rafin. Ɓangarenmu na jam'iyyar su Baba ne, ƙetare na 'yan hamayya, sun kuma ɗan fi mu yawa. An yi wajen shekara biyu ba a zuwa sunan juna.

Saura kwana tara zaɓe Baba ya yanka rago, Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar taushe. Ya ce a kai wa mutanenmu, ni in tsara rabon tunda ba na mantuwa. To, zaure cike yake da maza, ni kuwa ko gaisuwa sai na haɗa gumi. Na kasa shiga in tambaye shi su waye mutanen namu. Sai na ɗauki fensir na tafi ɗakin Kaka, mahaifiyarsa.

Kaka ta lumshe ido ta fara lissafo gidaje: wanda suka sha nono ɗaya da wane, wadda ta yi mata wankan jego, waɗanda suka ba mu masauki shekarar gobara. Na rubuta tsaf, na sake karanta mata sau biyu. Gida goma sha biyu a ciki na ƙetare ne, har da na ƙanenta, tsohon mahaƙin kuza da ya dawo daga Riruwai, wanda shi ne bakin 'yan hamayya.

Da labari ya isa zaure, wani abokin Baba ya tafa hannu. "Shi ke nan! Gobe za su ce tsoro ya kama mu, mun fara lallashi da tuwo."

Baba ya shigo ya tsaya a kaina. Na miƙa masa takardar. Kaka ta leƙo ta ce, "Kai ka ce mutanenmu. Nuna mini bare a nan."

Washegari kwanukan suka fara dawowa. A garinmu ba a mayar da kwano haka nan. Wani da gyaɗa, wani da ƙwan zabi, daga rugar da ke bayan ƙetare kuma curin man shanu. Inna tana buɗewa tana dariya. Baba ya yi ta kallonsu, domin ya san abin da ya hau kansa: wanda aka yi wa alheri sai ya taka ya yi godiya.

"Ɗauko littafinki," ya ce mini. "Ke kika san gidajen."

Kwana uku muna tsallaka rafi, ruwa iya gwiwa. Ni in shige cikin gida wajen mata, shi ya zauna a zaure, ina jiyo su ta katanga ina rubutawa. Da fari gaisuwa ce kawai a ɗarare. Daga nan sai ƙorafi: rijiyar da ta rufta, burtalin shanu da gonaki suka cinye, yaran da ba sa zuwa makaranta in rafi ya kawo. Baba bai ce wa kowa ya bar jam'iyyarsa ba. Ya ce dai in sun ga zai iya, ga shi. Da yamma in karanta masa abin da na rubuta.

Ƙanen Kaka, da yake akwai wasan jika tsakaninmu, yana ganina ya ce, "A'a, ga matata 'yar boko! Ke ce kika ciyar da abokan gaba? Me ya hana su kore ki?" Na rufe fuska da mayafi.

Ranar zaɓe maza suka taru a filin dagaci, kowa zai tsaya bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Mu mata muna leƙe ta danga. Layin telan da 'yan hamayya suka tsayar ya fi tsawo. Can sai tsohon nan ƙanen Kaka ya gyara hula, ya ratsa fili da sandarsa, ya tsaya bayan Baba. Mutum shida suka biyo shi, sai Fulanin ruga. Da malamin zaɓe ya gama ƙirga, Inna ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dishe. Telan da kansa ya zo gidanmu cin shinkafar murnar nasarar Baba.

Da aka watse na tarar da tsohon a ɗakin yayarsa yana shan fura. Na tattara ƙarfin hali na ce, "Kaka, yanzu ka dawo jam'iyyar su Baba ke nan?"

Ya ajiye ludayi. "Allah ya kiyaye! Ina nan inda nake. Gaba na tura shi don in ji daɗin zaginsa, in damina ta zo bai sa mana gada ba."