Mai Ruwan Zafi ta Tandabawi

Duk wanda ya zauna unguwar Tandabawi ta Makka a shekarun da ake rushe gidaje don faɗaɗa Harami ya san Baraka, sai dai da sunan banza ya san ta: Mai Ruwan Zafi. Ni da katanga ɗaya ta raba mu na san asalin sunan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

'Yar ƙasar Haɗeja ce, a goye ta ƙetare Sudan, ta tashi ba ta san wani gari ba sai Makka. Mijinta Lurwanu ɗan ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, hau dutse sauka dutse har kafaɗarsa ta yi kanta. Allah bai ba su haihuwa ba. In aikin Hajji ya zo, girki take yi a wani masaukin alhazan Jawa, mutanen Indunusiya.

A can ta gamu da wani tsoho ɗan Japan da ya musulunta ya biyo ayarin Jawa, kowa na ce masa Alhaji Yabani. Cikinsa ya ƙi maiƙon Makka, sai ya shiga madafa da kansa yana koya mata da hannu, don ba sa jin juna. A jiƙa ƙananan busassun kifi, a ɗora, a tace. A sauke tukunya, sannan a dama cokali guda na wani abu ja-ja da ke cikin kwalbarsa, kamar kwaɓaɓɓiyar daddawa. In ta kai hannu ga mai ya girgiza kai, in za ta mayar da tukunya wuta ya tare. Da zai tafi ya bar mata sauran kwalbar. Ta dafa miyar a gida muka sha dariya, na ce ai wannan wankin tukunya ne.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ciwon ciki ya kwantar da Lurwanu, aka yi na asibiti aka yi na gida, shiru. Tuwo ya dawo, kunu ya dawo. Don rasa abin yi ta dafa masa miyar Alhaji Yabani. Ya sha, ta zauna a cikinsa, har ya nemi ƙari. Daga ranar kwalbar nan ta zama ran Lurwanu. Da bakin cokali take ɗiba, fatanta kawai kwalbar ta kai su Hajji mai zuwa, ko Allah zai jefo wani Yabanin da wata kwalbar.

Wata safiya ta tafi kasuwa neman kifi, sai ga Hure, yayar Lurwanu, daga unguwar Shisha da tsarabarta. Hure ba muguwa ba ce, karambani ne ya yi mata yawa. Ta leƙa tukunya ta ga ruwa garau har gindi. Ta kaɗa kuka, ta zuba man shanu da yaji. Ta buɗe kwalba, ta yamutsa fuska, ta wanke ta tas, ta cika da daddawar gida da aka kawo mata daga Kano.

Baraka na shigowa idonta ya sauka kan kwalbar.

"Yaya, ina abin da ke ciki?"

"Ruɓaɓɓiyar nan? Na zubar, halas, shi ke nan. Aib, ya Baraka! Ƙanena na kwance kina ɗura masa ruwan zafi zalla? In babu ne ki faɗa mana, ai ba a kunyar babu."

Baraka ta ruga magudana, ƙasa ta riga ta shanye. Lurwanu, don ya faranta wa yayarsa, ya haɗiyi cokali ɗaya na miyar, nan take ta dawo.

Ba abin da baiwar Allah nan ba ta gwada ba. Ta dama daddawa a ruwan kifi, ta dafa wake ta kirɓa da gishiri ta rufe. Sai ya sansana ya juya fuska bango, ya ce, "Bari, Baraka, kin gaji." Bai ga azumin shekarar ba.

A zaman makoki Hure tana kuka tana faɗa wa mata cewa ruwan zafi aka yi ta ba ƙanenta har ya mutu, kuma har ga Allah ta yarda da abin da take faɗa. Na yi musu har muryata ta dushe, amma wa zai yarda ruwa ya fi man shanu? Sunan ya bi ta. Masaukin ma da labari ya kai musu, ba su sake kiran ta girki ba.

Murfin kwalbar kaɗai Hure ta manta ba ta wanke ba. Duk Hajji sai Baraka ta tsaya ƙofar masaukan Jawa tana miƙa wa baƙi murfin su sansana ko wani zai gane abin ya samo mata, su kuwa su ɗauka bara take, su jefa mata sadaka a ciki. Rannan na gaji na ce, "Ke Baraka, ko an ba ki, wa za ki dafa wa?"

Ta goge murfin da bakin mayafi ta ce, "Yaya Hure. So nake ta ɗanɗana sau ɗaya, ta san ba ruwa na ba shi ba."