Sistar da Ke Yawo da Guntun Tiyo a Aljihu

Ƙarfe bakwai saura take shiga ɗakin masu ciwon ƙirji, kuma ƙafafu take fara dubawa. Ta ɗaga bargo, ta danna babban yatsa a idon sawu, ta jira ta ga ko wurin zai lotsa. Daga nan ta dubi jijiyar wuya, ta leƙa agogon tukunyar oksijin da ke gefen gado. Sai ta gama wannan take cewa ina kwana. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Sista Mai Tiyo ake kiranta, saboda guntun tiyon ruwa da ba ya rabuwa da aljihunta. Ba ta da fara'a, kuma ba zan ƙaga mata ba. Mai sharar ɗakin ta ce sau biyu ta taɓa ganin haƙoranta, ɗaya ma hamma take yi. Amma ita mai sharar ce ta gan ta ɗauke da tukunya tun daga ƙasa har hawa na biyu, ranar da mai turo tukwane bai zo ba. Wani likita kuma ya ce min in ta ce a sake duba gado kaza, komawa yake yi ba gardama.

Ni ta dalilin yayana na san ta. Shekara ashirin ya yi yana aikin injin niƙa, ƙurar gari ta cinye masa huhu. Da aka kwantar da shi aka sa masa oksijin ta hanci, ni ke jinyarsa da rana. Na sha jin ana cewa in mutum ya saba da iskar asibiti, ba ya sake iya numfashi da kansa. Na yarda. Don haka kullum bayan azahar, in barci ya ɗauke shi, sai in murɗe kan tukunyar, ba na buɗewa sai la'asar. A ganina yaye shi nake yi a hankali.

Cikin mako guda ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya ƙi shiga. Likita ya ce zuciyarsa ta fara gazawa, in abin ya ci gaba da wuya ya fita da ƙafarsa.

Washegari Sista ta kira ni wurin famfon wanke hannu.

"Malam, tukunyar yayanka ta fi ta kowa auki," in ji ta. "Ko dai tofi kake yi mata?"

Ta zaro tiyon, ta cusa a bakin famfo, ta kunna.

"Wannan jijiyar jini ce ta cikin huhu. Famfon kuma zuciya. Jijiyoyin huhu suna da wani hali: duk inda iska ta yi ƙaranci, sai su tsuke. In lungu ɗaya ne ya toshe, gata ne, jini ya koma inda akwai iska. To shi yayanka ko'ina iskar ba ta isa. Matse nan."

Na matse. Tiyon ya kumbura daga baya, ya fizge daga bakin famfon, ruwa ya wanke min gaban riga.

"Haka kake yi masa kullum. Kana rufewa, duk jijiyoyin su tsuke, zuciya ta yi ta turawa har ta gaji, ruwa ya taru a ƙafa. Ba sabo yake yi ba, Malam. Wahala yake sha."

Na ce, "Sista, wallahi taimakonsa nake nufi."

"Na sani. Kai ne na nawa da na gani? Je ka canja riga."

Tsoro da kunya suka rufe ni, ban taɓa jin irinsu ba. Da muka koma, Yaya ya tambaye ta me ya kumbura masa ƙafa. Ta ce iskar ce ba ta isa yadda ya kamata, amma an gyara. Ko kallona ba ta yi ba. Bayan kwana goma sha biyu kumburin ya saɓe. Yau shekara huɗu ke nan, yana gida da na'urar iskarsa, yana faɗa da jikoki.

Sista, ke ce kika karanta a agogon tukunya abin da ban faɗa wa kowa ba. Ke ce kika zaɓi ki jiƙa min riga a inda wata za ta tara min jama'a. Na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alheri.

Masu gadon aikinta, ku duba ƙafa, ku duba tukunya, ku yi wa mai jinya bayani da abin da hannunsa zai taɓa. Mu kuma masu jinya, kada mu murɗa abin da ba mu tambaya ba.

Ta rufa min asiri shekara huɗu. Na ga ba yadda za a yi in yabe ta da gaskiya ban tona shi da kaina ba. Yaya, na san za a karanta maka wannan. Ni ne nake rufe maka iska. Ka yafe min.