Mansir Mai Fentin Shanu

"Wai Mansir ne ya hau keke shi kaɗai?"

"Shi ne fa, har da gwangwanin fenti."

"Tabɗi! Uwarsa ta sani kuwa?"

Ta sani. Habibat na jin maƙwabtanta ta bayan katanga a unguwar Yelwa. Ɗanta Mansir shekararsa talatin da ɗaya. Tun yana ƙarami ba ya saurin ɗaukar abu, magana ma sai an jira shi, shi ya sa ta tsare shi a gida.

Amma ya san shanu. A kasuwar Mubi kowane ɗan kasuwa yana da alamar da ake shafa wa shanunsa da fenti kafin a loda su a tirela, kuma in Mansir ya ga alama sau ɗaya ba ya mantawa. Da bakinsa ya nemi aikin. Ta yarda da ƙyar, sannan ta tura ƙanin babansa, Bappa Hammanjoda, ya bi shi a ɓoye.

Bappa ne ya riga dawowa da la'asar. "Shanu arba'in, Habibat, ko ɗaya bai kuskure ba. Ni ne ma na kusa shan kaho."

Ta zauna a bakin turmi ta sauke numfashi. Sai ga Mansir da sallama, hannayensa jawur.

"Dada," ya ce wa uwarsa a hankali, "na ga hular Bappa a bayan tirela. Don Allah ran kasuwa ki bar shi ya huta. Ni kaɗai zan je."