Salifu na Ƙarshen Kwalta

Kudu da Tamanrasset, a shekarun da nake ba ku labari, akwai inda kwalta take tafiyarta lafiya lau, sai kawai ta tsaya cak. Daga nan sai yashi da tsakuwa har Arlit. To a daidai wannan wuri Salifu ya kafa rumfarsa, da tsohon tanti, da injin hura iska mai tari kafin ya tashi, da wata 'yar sanda da hannu ya goge har ta yi sheƙi. Direbobi sun daɗe da manta sunan ubansa. Salifu na Ƙarshen Kwalta kawai ake ce masa, shi ma ya amsa.

Sana'ar tasa sai wanda ya bi hanyar zai gane ta. Motar da za ta shiga yashi dole a rage iskar tayoyinta, don taya ta baje ta kwanta a kan rairayi, in ba haka ba ta nutse. Wadda ta fito daga yashi kuwa dole a ƙara mata iska kafin ta hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Mai tafiya ya tsaya a sace masa, mai dawowa ya tsaya a hura masa, Salifu yana tsakiya yana ci ta ko'ina. Yakan ce wa direbobi iskar da ya cire wa wancan ita yake zuba wa wannan, don haka kada kowa ya raina kowa. Yana da ma'aunin iska, amma a jikin rumfa yake rataye don ado. Shi dai ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa, ya karkatar da kunne, ya ce, "Saura kaɗan," kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Mutumin Tanut ne. Aikin gini ya kawo shi Tamanrasset, kamar kowa, ya yi shekara biyu yana ɗaukar siminti yana hawa tsani, shi da tsanin kuwa ba su taɓa shiri ba. Wata rana ya ga wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, yana buga famfon hannu a bakin kwaltar nan, taya goma, zufa har cikin takalmi. Salifu ya tsaya ya yi ta kallo, ya koma gari ya nemo tsohon inji. Tun daga ranar bai sake taka tsani ba.

Da abin ya kankama sai ya aika aka kawo masa matarsa Gwamma. Kwana biyar ta yi a saman kamyo, a kan kaya. A rana ta huɗu motar ta yi tsalle a wani tudu, Gwamma ta tashi sama ta faɗo da baya a kan ƙarfe. Ta iso da rai, amma bayan bai sake zama nata ba: girgiza ta sa'a ɗaya sai ta kwantar da ita mako guda. Da aka sauko da ita ta dubi yashin da ta fito, ta ce ba za ta sake shigarsa ba sai kwalta ta rufe shi. Ta ɗora tukunya a gefen rumfar tana sayar wa direbobi shinkafa da wake, zama ya miƙe.

Sai dai uwarta, Inna Larai, tana Arlit wajen ɗanta, kuma shekaru suna ta tafiya. Babu mai karatu a cikinsu, don haka kaset suke aika wa juna. Inna Larai ta zauna gaban rediyo ta gaishe da kowa da sunansa, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ba wani direba ya kawo. Gwamma ta saurara har kaset ɗin ya fara jan murya, sannan ta naɗi tata amsar a kansa ta mayar. Abin da take so a duniya ɗaya ne, ta ga tsohuwar nan da idonta tun tana da rai.

Nan fa aka samu addu'a biyu a gida ɗaya. Kullum in sun idar da salla Gwamma takan ɗaga hannu ta ce, "Allah Ka tura kwaltar nan gaba." Salifu ya ce "Amin" a fili, a zuci kuma ya ƙara, "amma ba bana ba." Kada ku yi saurin zaginsa. Mutum ne mai son matarsa, sai dai ya san ranar da kwalta ta wuce rumfarsa, ranar motoci za su wuce shi da gudu, ko hon ba za su yi masa ba. Shekara takwas ana haka, kuma ga dukkan alamu tasa addu'ar aka fi karɓa, don kwaltar ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Yana da aboki, Abdurrahman, Buzu mai kai masu yawon buɗe ido dutsen Assekrem. A shekarun tashin hankali Turawa sun ɗauke ƙafa, Abdurrahman ya sha zama har motarsa ta kusa zama ɗakin kaji. Da abubuwa suka lafa suka fara dawowa jefi-jefi. Wata safiya ya zo rumfar da labari a bakinsa.

"Salifu, baƙi za su zo maka ranar Laraba," in ji shi. "Wani kwamiti ne na ƙasashen da hanyar nan ta haɗa. Sun tara kuɗi a asusu ɗaya, amma bai kai a yi komai da komai ba. Wasu sun ce a ja kwalta kudu saboda fatauci. Wasu sun ce a gyara hanyar Assekrem, a gina masauki, a jawo baƙi. Sun gaji da gardama a ofis, za su fito su ji bakin talakawa."

Salifu ya ce, "To ni mene ne nawa a ciki?"

Abdurrahman ya leƙa ya ga Gwamma tana can wajen tukunya, ya rage murya. "In kuɗin ya hau dutse, kwaltarka tana nan inda take. Ni na ci, kai ka ci."

Salifu bai taɓa hawa Assekrem ba, kuma har ga Allah bai gane dalilin da zai sa mai hankali ya baro ƙasarsa, ya hau dutse cikin sanyi don ya ga fitowar rana ba, alhali ga ta nan tana fitowa kullum a bayan rumfarsa ba wanda ya tafa mata. Amma maganar ci ya gane ta sarai. Kwana uku Abdurrahman yana zuwa da butar shayinsa yana koya masa jawabi: baƙi suna kawo arziki, baƙi suna ɗaukaka sunan ƙasa, hanyar kudu kuwa ta saba da haƙuri. Salifu ya haddace tsaf, har da inda zai ɗaga yatsa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga fararen motoci huɗu, da jandarma a gaba. Mutane suka firfito da takardu da tabarau, kowa yana kare fuska daga rana. Suna son su ɗan shiga yashin su gani, don haka sai da aka nemi mai rage iska, Salifu ya fito da sabuwar riga da sandarsa. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Idrisa, wakilin Nijar. Da ya ji Hausa sai ya saki fuska, ya tsuguna kusa da Salifu yana kallon yadda yake ƙwanƙwasa taya.

"Malam Salifu, an ce ka fi kowa daɗewa a nan. In kai ne mai rabo, ina za ka kai kuɗin? Dutse ko kudu?"

Salifu ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. Abdurrahman yana bayan mota yana gyaɗa kai. "Ranka ya daɗe, baƙi suna kawo arziki," in ji Salifu.

Gwamma ba ta san da wani jawabi ba. Jiya wani direba ya kawo mata sabon kaset, kuma al'adarta ce ta kunna rediyo in tana girki. Daidai lokacin sai muryar Inna Larai ta taso daga gefen tukunya. Muryar ta sirance, tari yana katse ta, amma gaisuwar tana nan yadda take, ɗaya bayan ɗaya. Ta gama da Gwamma ta zo kan suruki. "Ki gaida mini Salifu," in ji tsohuwar. "Ki ce masa kullum ina sa shi a addu'a. Allah Ya yi wa sana'arsa albarka, Allah Ya zaunar masa da ita."

Yatsan Salifu yana sama, ya rasa yadda zai sauke shi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ga tsohuwa can tana roƙa masa ɗorewar abin da ya raba ta da 'yarta, shi kuma ga shi nan da sabuwar riga yana taya ta. Jawabin kwana uku ya bi iska.

"Ranka ya daɗe, a ja kwalta kudu," ya ce.

Alhaji Idrisa ya dubi injin, ya dubi rumfar. "Ka san in ta wuce nan ba mai sake tsaya maka?"

"Na sani. Shekara takwas ina roƙon Allah kada ta motsa. Matata tana roƙon ta tafi, ni ina warwarewa a zuci. Ga ta can tana ji."

Kowa ya juya wajen tukunya. Gwamma ba ta ko ɗago ba, tana juya wakenta. "Ai na daɗe da sani, Malam," in ji ta. "Amin ɗinka gajere ne."

Alhaji Idrisa ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, ya fassara wa sauran da Faransanci, su ma suka dara, sannan ya rubuta wani abu a takardarsa. Me ya rubuta, ban sani ba. Abdurrahman dai ya kwashe butarsa ya tafi, wata guda ba ya amsa sallamar Salifu, sai da tayarsa ta yi faci a kusa da rumfar suka shirya.

Shekara ɗaya ta wuce, biyu, uku, ba labari. Salifu har ya fara zargin ko tsohuwar addu'arsa ce ba ta gama aiki ba, ya riƙa jan "Amin" ɗinsa har Gwamma ta ce ya isa haka. A shekara ta huɗu sai ga manyan injina suna ƙara, ana zuba tsakuwa. Ko maganar Salifu ce ta kawo su, ko dama can an shirya, ni ba zan rantse ba. Shi dai duk direban da ya tsaya sai ya ji cewa shi ya ba da umarni.

Ranar da baƙar kwalta ta wuce gaban rumfarsa, motoci suka yi masa abin da ya daɗe yana tsoro, suka wuce fuu. Ya yini yana kallonsu. Washegari ya kwance tanti, ya ɗora inji da tukunyar Gwamma a bayan wata kamyo, suka bi kwaltar har inda ta tsaya, ya sake kafawa. Sau biyar yana wannan ƙaura. Kowace ƙaura gari yana ƙara nisa, ruwa sai an roƙi direbobin tanka, burodi sai ya kwana biyu kafin ya iso. Salifu yana mita, Gwamma tana tambayar duk wanda ya fito daga kudu sa'a nawa ya yi a cikin yashi.

A ƙaura ta biyar sun kusa In Gezam, garin da ke bakin iyakar Nijar. Wani direba mai suna Sha'ibu ya kawo kaset, wanda tari ya fi magana yawa a cikinsa. Gwamma ta saurara sau ɗaya tak, ta tambayi Sha'ibu yaushe zai koma, da kuma nawa ya rage na yashi. Ya ce jibi, kuma in an yi sa'a kwana ɗaya da yini.

"Wannan bayana zai ɗauka," in ji ta.

"Kin ce sai kwalta ta rufe shi," Salifu ya tuna mata.

"Ta yi nata ƙoƙarin. Sauran ni zan ƙarasa."

Ranar tafiya aka ba ta gidan gaba, Salifu ya jera mata matasai uku da bargo. Sannan ya ɗauki sandarsa ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya sace, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ƙara sacewa. Aikin da yake yi kafin shayi ya huce, ranar sai da ya kai shi kusan sa'a guda. Sha'ibu ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Salifu, ka rage da yawa fa, haka sai dai mu yi ta rarrafe."

"Ku rarrafa," in ji Salifu. Ya tsaya a bakin kwaltar har ƙurar motar ta ɓace, sannan ya koma ya zauna kusa da murhun da ba wuta.

Bayan mako uku Sha'ibu ya dawo ya miƙa masa kaset. Salifu ya juya shi a hannu ya fi sau goma kafin ya iya sa shi a rediyo. Da farko shuru, sai motsin tabarma. Sai ga muryoyi biyu suna gardama a kan wa zai fara magana. Inna Larai ce ta yi nasara, ta yi tari, ta ce an gaya mata duk abin da yake yi da addu'arta, kuma in ya zo za su haɗu. Aka ji Gwamma tana dariya a kusa da ita, sannan ta matso bakin rediyon.

"Malam, na iso lafiya, ina zaune kusa da Inna. Iskar tayar ta yi daidai."