Baba Simeon da Sifikokin Jif ɗin Dokta

Duk ɗan Arewan da ya yi shekara biyu a Greensboro ya san Baba Simeon, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa shan faɗansa ba. Mutumin Kagoro ne. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran rediyo da kaset a wata rumfa a Kaduna, kafin matarsa Celina ta sami aikin jinya a Amurka ya biyo ta. A nan, ranakun aiki yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani ƙaton sito. Ranar Asabar kuma sai ya buɗe garejin gidansa a McLeansville, inda filaye suka fi gidaje yawa, ya riƙa saka wa mutane rediyo da sifika a mota. Ba ya fara'a, ba ya lallashi. Amma in ya haɗa waya, ta haɗu ke nan.

Mutum ɗaya ne Baba Simeon ya rantse ba zai taɓa motarsa ba: Dokta Habibullahi, malamin jami'a da ke zaune a Sedgefield. Shekara goma Baba Simeon yana kai lasifikarsa taron shekara na 'yan Arewa ba tare da an roƙe shi ba. Wata shekara lasifikar ta yi ƙara Dokta na tsakiyar jawabi, sai Dokta ya ce a makirufo, "A yi mana afuwa, kayan daga gwanjon Kaduna aka kwaso su." Zaure ya ɗauki dariya. Baba Simeon ya tashi ya zare wayoyinsa, ya loda kayansa, ya bar su suna jawabi da ihu. Bai ƙara zuwa taron ba.

Shekara uku bayan haka, wata Asabar da hantsi, sai ga wata 'yar jif koriya mai ƙofa biyu ta shigo harabarsa, duk jikinta taɓo. Dokta ne ya fito riƙe da kwali.

"Simeon, ina kwana. Sifika nake so a saka mini."

Baba Simeon ya girme shi da shekara ashirin, kuma ya lura ba a ce masa Baba ba. Bai amsa gaisuwar ba.

"Me ya sami na ciki?"

"Na je hawan duwatsu da ita, na ratsa wani rafi, ruwa ya shiga ƙofofin. Yanzu sai kakari suke yi. Ga sababbi na saya, mafi kyau a kasuwa."

Baba Simeon ya buɗe kwalin ya ɗaga ɗaya. Ƙatuwa ce, inci shida da rabi, maganaɗisun bayanta kamar gwangwanin madara. Ya mayar da ita.

"Ba za ta shiga ba. Ramin ƙofarka inci huɗu ne. Ko an faɗaɗa shi, gindinta zai tokare gilashi in ka sauke. Kuma fatar fuskarta takarda ce, ruwa na farko zai kashe ta."

"Na karanta bayanan mutane sama da ɗari a kanta," in ji Dokta. "Ba shawara na zo nema ba, aiki na kawo."

"To ka kai wa mutum ɗarin nan su saka maka. Ga hanya nan."

Dokta ya yi tsaki, ya ja motarsa har tsakuwa na tashi.

Mako biyu tsakani jif ɗin ta dawo. Inda gilashin direba yake, leda ce aka manna da salatif. Ashe Dokta ya yanke murfin ƙofar da kansa, ya cusa sifikar, ya sauke gilashi da ƙarfi, gilashin ya daki maganaɗisun ya tarwatse. Shagunan da ya kai ta cikin gari sun ce sai dai ya sake ƙofa sukutum. Matarsa Suhaila ce ta kira Celina a waya tana roƙo, Celina kuma ta tsare mijinta a kicin da safe.

"Ba don shi ba, don ni za ka yi. Yarinyar nan ce ta yi ta kawo mini abinci lokacin da aka yi mini aikin gwiwa."

Baba Simeon ya fito ransa a ɓace. Ya nuna wa Dokta bakin garejin da sukudireba.

"Nan ne iyakarka. Ni zan zaɓi sifika. Ka yi magana ɗaya, in ajiye aikin."

Ya ɗauko wasu ƙanana guda biyu daga kanta, irin waɗanda ake sa wa jirgin ruwa, fatarsu roba, gindinsu gajere. Ya cire murfin ƙofar ya ga ɓarnar: ramin ya zama kamar ɓera ya gaigaye shi, an murɗa wayoyi da hannu, ɗaya ma an juya ta. Ya share ɓarɓashin gilashi daga cikin ƙofar. Ya yanka zobe daga wani faifan roba mai kauri, ya rufe ramin da shi, ya ɗaure sifikar a kai da sukurori huɗu. Ya ɗora wayoyin a kan ƙaramin batir don ya ga ko fatar za ta turo waje, ta turo, alamar bai juya wayoyin ba, sannan ya liƙe su da dalma. A saman kowace ya yi wata 'yar rumfa ta roba don ruwan da ke gangarowa ta gefen gilashi ya zame. Awa uku Dokta na tsaye a rana, hannu a aljihu, yana cizon leɓe.

Da aka kunna rediyo, murya ta fito tangaram, ba kakari ba rawa. Dokta ya kasa ɓoye mamakinsa. Ya yi gyaran murya.

"Gaskiya aikin ya yi. In kuma maganar taron nan ce har yanzu take damunka, ai wasa ne kawai."

Baba Simeon ya ajiye ƙyallen da yake goge hannu da shi.

"Wasa? Ni abokin wasanka ne? A gaban matata ka sa mutum ɗari biyu suka yi mini dariya. Yau ma da ka buɗe baki, ba haƙuri ka ba ni ba, gaya mini kake yi ni ne ban san wasa ba. Ɗauki kwalinka. Gilashi kuma ka nemi mai saka maka, ba sana'ata ba ce."

Ya jawo ƙofar garejin ta sauko a tsakaninsu.

Celina ta yi kwana biyu tana yi masa mita, ya yi kamar bai ji ba. Tun daga ranar sun haɗu da Dokta sau biyu a shagon kayan abincin Afirka, kowa ya kau da kai ya bi wani layin. Dokta dai ya turo masa abokan aikinsa biyu. Na farko an yi masa aiki. Na biyu ya faka mota a kan fangalin yakuwar Celina, Baba Simeon ya kore shi tun bai kashe inji ba.

Bana ya cika sittin da huɗu, bayansa ya fara ciwo, yana maganar barin aikin sito. Garejin kuwa ya ce ba zai rufe ba sai ranar da idonsa ya daina bambanta jar waya da baƙa.